Filin 'Yan Gari: Tarihin Tsohon Filin Besbol na Hiroshima, 1957 zuwa 2012

Galibin waɗanda suka san sunan Hiroshima da abu guda suka san shi, watau bom ɗin ƙare-dangi da jirgin yaƙin Amurka ya jefa wa birnin da ƙarfe takwas da kwata na safiyar 6 ga Agusta, 1945. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen wannan shekara mutum wajen 140,000 ne suka halaka. Kusa da inda bom ɗin ya fashe akwai wani gini da Jan Letzel, magini ɗan ƙasar Cek, ya zana, aka gama shi a 1915 domin baje kayan sana'ar lardin. Ginin ya ƙone, amma wasu bangayensa da ƙarafan ƙubbarsa sun tsaya, shi ne ake kira Genbaku Domu a yau, watau Ƙubbar Bom. Abin da ba a faye sani ba a wajen Japan shi ne, tsawon shekara hamsin da ɗoriya, tsallaken titi kawai daga wannan kango, akwai wani filin wasa inda mutum dubu talatin kan taru da dare suna ihu da busa da kiɗa. Wannan maƙala za ta duba yadda aka yi filin ya sami kansa a wannan wuri, da kuma abin da sunansa yake nufi ga mutanen da suka yi ta cika shi.

Sunan nasa shi ne Hiroshima Shimin Kyujo. Kalmar shimin tana nufin 'yan gari, kuma garuruwa da dama a Japan suna da filaye masu irin wannan suna, ba da wata ma'ana ba illa cewa hukumar gari ce ta mallake su. A Hiroshima kuwa an ɗauki kalmar a kan ainihin ma'anarta. Ba za a gane dalilin haka ba sai an koma ga ƙungiyar da aka gina filin dominta.

Ƙungiyar da ba ta da ubangida

Wasan besbol, wanda Japanawa ke kira yakyu, wasa ne na ɓangare biyu, kowanne da mutum tara. Ɗan wannan ɓangare ya wurga ƙwallo, ɗan wancan ya make ta da kulki, sa'an nan ya ruga ya kewaya tasha huɗu kafin abokan hamayya su tsinto ta su tare shi. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, shi ya fara koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a wajejen 1872, kuma tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya zama wasan da ya fi kowanne farin jini a ƙasar. Lardin Hiroshima na cikin wuraren da ya fi kafuwa, domin makarantunsa, musamman Makarantar Ciniki ta Hiroshima, sun sha cinye gasar makarantu ta ƙasa baki ɗaya.

A ƙarshen 1949 aka raba ƙungiyoyin ƙwararru gida biyu, Rukunin Tsakiya da Rukunin Pasifik, aka kuma buɗe ƙofa ga sababbi. A wancan zamani kowace ƙungiya tana da kamfanin da ya tsaya mata, wanda yake biyan asararta yana lissafa ta cikin kuɗin talla. Jaridar Yomiuri ke da Giants ta Tokyo, kamfanonin jirgin ƙasa na Hanshin da Hankyu da Nankai kowanne da tasa, haka ma kamfanin silima na Shochiku da kamfanin kamun kifi na Taiyo. Ƙungiyar da aka kafa a Hiroshima ita kaɗai ce ba ta da irin wannan ubangida. An shirya cewa gwamnatin lardi da hukumomin garuruwa da ɗaiɗaikun mutane ne za su zuba jarinta. Aka raɗa mata suna Carp, sunan wani kifin ruwan daɗi da Japanawa ke kira koi, wanda suke kwatanta shi da juriya saboda yadda yake haurawa gaba da igiyar ruwa; tsohuwar fadar sarakunan garin ma laƙabinta ke nan, Fadar Koi.

Garin da bai gama kwashe tokarsa ba ina ya ga kuɗin riƙe ƙwararrun 'yan wasa? Alkawuran jari ba su cika a kan kari ba, albashi ya riƙa makara, 'yan wasa na tafiye-tafiye mai nisa a taragon talakawa. A kakar 1950 ƙungiyar ta ci wasa 41, aka cinye ta 96, ta yi kunnen doki sau ɗaya, ta zo ta ƙarshe cikin takwas. A watan Maris na 1951 shugabanninta sun kai ga shawarar narkar da ita cikin ƙungiyar Taiyo. Wanda ya hana hakan shi ne mai horar da ita, Ishimoto Shuichi, haifaffen garin, wanda ya riga ya yi suna a Makarantar Ciniki da kuma ƙungiyar Tigers ta Osaka. Ya nemi a ba shi dama ya kafa ƙungiyar magoya baya, ya shiga bin unguwanni da masana'antu da ƙauyuka yana roƙon gudunmawa, sau da yawa tare da 'yan wasansa. A ƙofar filin da suke wasa a lokacin aka girke gangunan katako, irin waɗanda ake zuba giyar shinkafa, wanda ya sayi tikiti ya kuma jefa abin da ya sawwaƙa. Wannan shi ne taru bokin, watau gudunmawar ganga, wadda har yau ba a ba da labarin ƙungiyar ba tare da an ambace ta ba.

Bayan shekara guda ƙungiyar ta sake tsallake rijiya da baya. A 1952 Rukunin Tsakiya ya zartar cewa duk ƙungiyar da ta kasa cin kashi talatin cikin ɗari na wasanninta za a kawar da ita, kowa kuwa ya san wadda ake nufi. Carp ta ci wasa 37 aka cinye ta 80, ta haye da ƙyar. Wadda ta faɗa tarkon ita ce Robins ta kamfanin Shochiku, zakarar 1950, aka haɗe ta da Taiyo. Da kuɗin magoya baya ne Carp ta ɗauko Kozuru Makoto, gwarzon mabugin Robins, a 1953.

Neman wuri

Filin da ƙungiyar ta fara zama, na gwamnatin lardi ne, yana can kudu maso yamma, nesa da tsakiyar gari. Ba shi da isassun wuraren zama, har akan ja igiya a gefen fili a tsugunar da 'yan kallo bayanta. Babbar naƙasarsa dai ita ce rashin fitilu. Wasan rana a tsakiyar mako ba ya samun ma'aikaci, ga kuma zafin bazarar Hiroshima. Yayin da manyan filayen Tokyo da Osaka suka koma wasan dare suna kwasar kuɗin ƙofa, Carp na nan tana tara bashi, har a ƙarshen 1955 aka rushe kamfaninta aka kafa sabo. Ya tabbata ga kowa cewa ganga na iya tsayar da rai, amma ba ta iya ciyar da ƙungiya shekara da shekaru.

An daɗe ana ja-in-ja a kan inda za a gina sabon fili, daga bisani aka tsaya a kan unguwar Motomachi. Wannan wuri yana da nasa tarihin. Tun zamanin Sarki Meiji Hiroshima garin soja ne: a fadarta aka kafa babbar hedikwatar yaƙi a 1894 lokacin faɗa da Sin, daga tasharta ta Ujina kuma ake loda mayaƙa zuwa ƙetare. Motomachi ita ce cibiyar wannan harka, cike da barikoki da filin fareti da wani wurin bauta da aka keɓe wa sojojin da suka mutu a fagen fama. Bom ya shafe su duka. Da yaƙi ya ƙare sai fegin ya zama na gwamnatin tarayya, aka tsara mayar da shi lambun shaƙatawa a ƙarƙashin dokar 1949 wadda ta ayyana Hiroshima a matsayin birnin tunawa da zaman lafiya. Kafin a kai ga haka marasa matsuguni sun riga sun kakkafa bukkoki a gaɓar kogi, unguwar da aka riƙa kira zangon talakawan bom, wadda ba a gama kawar da ita ba sai a 1978. A kudancin wannan fegi, daf da titin da ya raba shi da Ƙubbar Bom, magajin gari Watanabe Tadao ya samo izinin yin gini.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe, domin da sauƙi a gwama labari biyu. Ganga ta ceci ƙungiya, amma ba ita ta gina fili ba. Kuɗin ginin, yen miliyan 160, wata ƙungiyar manyan kamfanonin garin mai suna Futaba-kai ce ta ba hukumar gari kyauta. A cikinta akwai kamfanin lantarki na yankin, da bankin lardi, da jaridar Chugoku, da kamfanin Toyo Kogyo mai ƙera motocin Mazda, wanda masana'antarsa ta tsira daga bom saboda wani tsauni da ya kāre ta. Ke nan filin 'yan gari, idan aka bi ta takarda, kyautar attajirai ce a kan ƙasar gwamnati. Sai dai attajiran ba za su zuba wannan kuɗi ba da talakawa ba su riga sun nuna, shekara shida a jere, cewa ba za su bar ƙungiyar ta mutu ba.

An sa harsashi a Fabrairun 1957, aka gama cikin wata biyar. Ranar 22 ga Yuli aka kunna fitilu, ranar 24 aka yi wasan gasa na farko da Tigers, waɗanda suka lallasa masu gida da ci 15 da 1. Wannan bai rage wa kowa murna ba. Ga mutanen da suka shekara goma sha biyu cikin gari mai duhu, waɗanda aka taɓa gaya musu cewa ko ciyawa ba za ta tsiro a ƙasarsu ba sai bayan shekara saba'in da wani abu, hasken da ya tashi daga tsakiyar birni da dare ya fi sakamakon wasa muhimmanci.

Maƙwabta biyu

Tun daga lokacin titi guda ya raba wurare biyu da suka saɓa wa juna ta kowace fuska. A kudu akwai kango, da kuma, a ƙetaren kogi, Lambun Zaman Lafiya da Tange Kenzo ya tsara, mai gidan tarihin da aka buɗe a 1955. Can ake zuwa a yi shiru, can shugabannin ƙasashe ke ajiye furanni, kuma can ne fuskar da Hiroshima take nuna wa duniya. A arewa kuwa ga ƙaramin fili mai matsatsi, mita 91.4 ta kowane gefe da mita 115.8 ta tsakiya, inda ake sayar da taliyar udon mai zafi, ana zagin alƙalin wasa da karin harshen garin. Baƙo ba ya cika tsallakawa nan; wannan ɓangare na masu gida ne. Amma tashar taragon lantarki ɗaya ce ke sauke masu zuwa wuraren biyu, kuma tun 1974 sunanta Gaban Ƙubbar Bom.

Kada a ɗauka cewa mutanen da ke wannan gefe dabam ne da na wancan. Da yawa daga cikin masu cika filin a shekarun farko waɗanda suka tsira daga bom ne, masu ɗauke da tabon ƙuna da fargabar cutar da kan bayyana bayan shekaru. Su ne kuma aka sake miƙa wa ƙoƙon bara a 1966, sa'ad da majalisar gari ta yanke shawarar adana kangon har abada bayan doguwar muhawara, domin akwai waɗanda suka fi son a rushe shi su huta da ganinsa. Da gudunmawar jama'a, daga ciki da wajen garin, aka yi gyaran 1967. Watau hanyar da aka bi aka tsayar da ƙungiyar wasa ita aka bi aka tsayar da kango. An kuma kiyaye wata iyaka tsakaninsu: bayan 1958 ba a sake yin wasan gasa a filin ranar 6 ga Agusta ba har aka rufe shi.

Nasara dai ta daɗe ba ta zo ba. Sai a 1968 ƙungiyar ta fara shiga sahun uku na farko, a shekarar da aka ƙara mata suna ta zama Hiroshima Toyo Carp, bayan ragamarta ta koma hannun Matsuda Tsuneji, shugaban Toyo Kogyo. Daga nan batun cewa ƙungiyar ta 'yan gari ce ya zama na zuci, ba na hannun jari ba, ko da yake kamfanin bai ɗauke mata asara kamar yadda sauran iyayen gida suke yi ba, sai ta ci gaba da rayuwa da abin da ta samu.

A 1975, shekara talatin cif bayan bom, kuma shekarar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya iso garin, aka naɗa Ba'amurke Joe Lutz mai horarwa. Bai yi wata guda cikin kaka ba ya ajiye aiki bayan rigima da alƙalan wasa, amma ya bar abu guda, watau jar hular kwano wadda ta zama tambarin ƙungiyar. Koba Takeshi ya gaje shi. Yayin da nasara ta fara ƙamshi garin ya rikice. 'Yan kallo suna ƙwanƙwasa faffaɗan cokulan katako na kwasar shinkafa, sana'ar tsibirin Miyajima da ke kusa, kuma zumuɗin bai tsaya a kan murna ba: ranar 10 ga Satumba ɗaruruwa suka kutsa cikin fili suka far wa 'yan wasan Chunichi, har aka soke wasan washegari. Ranar 15 ga Oktoba Carp ta doke Giants da ci 4 da nema ta ɗauki kambun Rukunin Tsakiya karo na farko, a kakarta ta ashirin da shida. Abin takaici ga filin, a Korakuen ta Tokyo aka yi wannan. Da aka yi zagayen murna a Titin Zaman Lafiya cikin Nuwamba an ƙiyasta mutum 300,000, kuma an ga masu ɗaga hotunan mamatansu, iyaye da mazaje da suka jefa kuɗi a ganga ba su ga wannan rana ba.

Shekaru goma sha shida da suka biyo baya su ne zamanin ɗaukakar filin. Carp ta sake ɗaukar kambun rukuni a 1979 da 1980 da 1984 da 1986 da 1991, ta kuma zama zakarar ƙasa sau uku. Na 1979 a Osaka ta ƙarasa shi, na 1980 da na 1984 kuwa a gida, kowanne a wasa na bakwai. Taurarinta biyu su ne Yamamoto Koji, ɗan garin da aka haifa a 1946, da Kinugasa Sachio. Shi Kinugasa an haife shi a Kyoto a 1947, uwarsa Bajapaniya, ubansa baƙar fata ne daga cikin sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar. Ranar 13 ga Yuni, 1987, a wannan fili, ya buga wasansa na 2,131 a jere ba fashi, ya wuce adadin da Lou Gehrig na Amurka ya kafa. Ya tsaya a 2,215. Ba ƙaramin abin lura ba ne cewa mutumin da garin ya ɗauka a matsayin siffar juriyarsa, har ake masa laƙabi da Mutumin Ƙarfe, ɗan sojan ƙasar da ta jefa bom ne, kuma a kan tsohon fegin sojan Japan aka yi masa wannan biki.

Tsufa da ƙaura

Daga 1993, da aka ba ƙwararrun 'yan wasa 'yancin komawa inda suka ga dama, ƙungiyar da ba ta da mai cike mata giɓi ta zama makarantar horar wa masu kuɗi. Eto Akira ya tafi Giants, Kanemoto Tomoaki da Arai Takahiro suka tafi Tigers, Kuroda Hiroki ya ƙetara Amurka. Daga 1998 zuwa 2012 Carp ba ta shiga sahun uku na farko ko sau ɗaya ba. Filin ma ya tsufa. Tun da aka buɗe rufaffen filin Tokyo a 1988 sauran birane suka bi sahu, sai na Hiroshima ya zama abin kwatance wajen ƙunci da ƙananan kujeru. A Disambar 1996 kuma hukumar UNESCO ta sa Ƙubbar Bom cikin kayan tarihin duniya, abin da ya ƙara sa ido a kan duk wani babban gini da za a yi kusa da ita.

A 2004 aka narkar da ƙungiyar Kintetsu cikin Orix, 'yan wasa suka yi yajin aiki na farko a tarihin wasan a Japan, aka shiga raɗe-raɗin rage yawan ƙungiyoyi. Tsoron 1951 ya dawo wa Hiroshima, sai kafofin watsa labarai na garin suka sake fito da ganguna, wannan karo domin sabon fili. An tara fiye da yen miliyan 120. Ginin ya ci wajen yen biliyan tara, saboda haka abin da ganga ta kawo bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Amfaninta, kamar a karon farko, shi ne ta tilasta wa masu iko da masu kuɗi su motsa. An so a sake ginawa a wuri guda, 'yan kasuwar tsakiyar gari ma haka suka fi so, amma aka ga wahalar yin gini ana kuma wasa a matsattsen fegi. A zamanin magajin gari Akiba Tadatoshi aka zaɓi tsohuwar tashar jiragen kaya da ke gabas da babbar tashar jirgin ƙasa.

Ranar 28 ga Satumba, 2008, aka yi wasan gasa na ƙarshe a tsohon filin, Carp ta doke Yakult da ci 6 da 3. Sabon ya buɗe a Afrilun 2009. A takardun hukuma ya gaji sunan Shimin Kyujo, amma an sayar wa kamfanin Mazda haƙƙin raɗa masa suna, kuma da sunan kamfanin kowa ke kiransa. Ta fuskar kasuwa ƙaurar ta yi riba ƙwarai: 'yan kallo sun ƙaru, Kuroda da Arai sun dawo, ƙungiyar ta ɗauki kambun rukuni a 2016, bayan shekara ashirin da biyar, ta maimaita a 2017 da 2018. Da nisa ya shiga tsakanin fili da kango sai aka ɗage tsohuwar iyakar. A 2011 aka yi wasan gasa a garin ranar 6 ga Agusta, karo na farko cikin shekara hamsin da uku, a 2015 kuma dukan 'yan wasan Carp suka sa lamba 86 a rigunansu domin tuna ranar. Abin da a dā maƙwabtaka ke tunatarwa kullum ba tare da an furta ba, yanzu sai an ware masa rana an shirya masa biki.

Tsohon filin kuwa an fara rushe shi a ƙarshen 2010, duk da ƙorafin masu son a bar shi a matsayin shaidar farfaɗowar garin, aka gama a 2012. Fegin ya yi shekara goma ana gardamar abin da za a yi da shi. An kawo shawarar filin ƙwallon ƙafa, daga baya aka gina shi can arewa kusa da fada. A Maris na 2023 aka buɗe wurin a matsayin dandalin taruwa mai shaguna da rumfuna, ana kiransa Hiroshima Gate Park. A gefensa, cikin 'yan itatuwa, akwai duwatsun tunawa da aka kafa tun filin na tsaye: ɗaya na ɗauke da shekarun da ƙungiyar ta yi nasara, ɗaya kuma na Kinugasa ne, wanda ya rasu a Afrilun 2018.